Malama Yalwa da Gurbin Bushira

Kafin motocin albasar Aliero su gama cika tashar Jega da hayaƙi, Malama Yalwa ta riga ta buɗe shagonta. Shagon ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ɗaya ne a bayan masu facin taya, da benci, da tebur biyu, da wata fanka da ta fi yawan ƙara a kan iska. Takan share ƙasa da kanta, ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta kakkaɓe, ta yi bisimilla, sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙwan lantarki. In akwai wuta ta ce madalla. In babu, ta ɗaure gyale a ƙugu ta ja igiyar janareto, ba ta jiran wani namiji ya zo ya nuna mata ƙarfi. Daga nan sai benci ya fara cika: hedimastoci da takardun jarrabawa, ma'aikatan asibiti, sakatarorin ƙungiyoyin manoma, kowa da fuskar wanda kwamfuta ta ci wa mutunci.

Ƙarshen watan nan za ta miƙa makullin shagon ga Luba, 'yar ƙanwarta, domin yanar ido ta fara rufe mata gani, likita kuma ya ce ta huta da kallon allo. Na jira in ji ko wani zai shirya mata taro da lemo da lasifika, irin wanda ake yi wa manya in sun bar kujerar da ba su taɓa ɗumama ta ba. Shiru. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Mamuda, tsohon malamin firamare, wanda ya fi kowa goge wandonsa a bencin nan.

Lokacin da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, Yalwa tana buga tafireta ne a wani ofishi a nan Jega. Da kwamfuta ta fara shigowa, aka kawo guda ofishin, aka lulluɓe ta kamar amarya, aka hana kowa taɓawa don kada ta lalace. Yalwa ta gaji da kallon lulluɓi, ta nemi hutu ta tafi Sakkwato ta koyo, ta dawo ta sayar da 'yan awakinta ta buɗe wannan shago. Abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne jadawalin nan da 'yan boko ke kira Excel. Ga wanda bai sani ba, takarda ce a cikin allon kwamfuta wadda aka tsaga gida-gida kamar fangalin albasa. Kowane ɗan gida Yalwa tana kiransa gurbi. Sunaye su sauka a jere ta gefe ɗaya, abin da ya shafi kowane suna ya zauna a gabansa.

Cika gurbi ba wuya. Goge gurbi shi ne ke kawo mata mutane suna gumi. Na ga hedimastan da ya cire darasin da aka daina koyarwa daga jadawalin makarantarsa, sai jimillar makin yara gaba ɗaya ta koma wasu alamomi kamar sawun kaza, saboda lissafin yana neman gurbin da ba ya nan. Na ga ma'aikaciyar rigakafi daga Kuberi da ta wuni tana danna gogewa na'ura tana ƙi, har ta fara zargin an yi mata asiri, alhali wanda ya tsara jadawalin ne ya kulle shi. Duk wanda ya zo, tambayar Yalwa ɗaya ce: "Mi kat taɓa daga ƙarshe?" Amsar mutanenmu ma ɗaya ce, tun daga mai digiri har mai gardi: "Wallahi ban taɓa komi ba." Ba ta taɓa ƙaryata kowa ba. Sai ta yi murmushi ta ce to, ta ci gaba da dubawa, har mutum ya tuna da kansa.

Amma ba gyaran maki ko rigakafi ya sa nake wannan rubutu ba. Akwai shekarar da mutuncin wani bawan Allah ya rataya a kan gurbi ɗaya, kuma ina zaune a bencin aka yi komai.

Da bazara ne, 'yan shekaru bayan ta buɗe shagon. Makarantun Islamiyya na Jega da Aliero da Maiyama suka haɗa musabaƙar karatun Alƙur'ani ta 'yan mata, wadda ta zo ta ɗaya za ta wakilce su a Birnin Kebbi. Sakataren kwamitin shi ne Malam Ɗahiru, mai makarantar allo da Islamiyya a unguwar da ke bayan shagon, kuma limamin masallacin unguwar. Mutum ne mai tsantseni har ya so ya yi yawa. 'Yarsa Fadila tana cikin masu karatu, saboda haka da layi ya kusa zuwa kanta sai ya fice daga zauren ya koma gindin bishiya, don kada a ce zamansa ya sa alƙalai jin nauyi. Wannan ficewar ta sa bai ji karatun 'yarsa ba, bai kuma ji na yarinyar da ta gabace ta ba, wata Raihanatu daga Giwa Tazo.

Mu da muka zauna mun ji. Raihanatu ta yi karatun da ya sa mata a bayan labule suna share hawaye. Fadila kuwa, Allah sarki, tsoro ya kama ta, ta yi ta sarƙewa ana ɗora ta. Ko kurma ya san wadda ta ci.

Malam Ɗahiru ya tattara takardun alƙalai ya kawo wa Yalwa, ta shigar da sunayen bisa yadda yaran suka hau karatu, makin kowace a gabanta. Tana gamawa aka aiko mata gwaggonta ta rasu a Maiyama. Da yake ta taɓa nuna wa Malam yadda ake buɗe aiki a buga shi a takarda, sai ta bar masa makulli ta tafi zaman makoki. A cikin 'yan kwanakin da ke tsakanin gama karatu da ranar rufe taro, sanƙarau ya ɗauke ɗaya daga cikin yaran, Bushira, 'yar wani manomi Malam Ayuba daga Gumbin Kure.

Ranar rufe taro Malam Ɗahiru ya miƙe da takardarsa, ya karanta cewa wadda ta fi kowa maki ita ce Fadila Ɗahiru. Jama'a suka fara kallon juna. Ita kanta Fadila sunkuyar da kai ta yi ta ƙi tashi. Maigarin Giwa Tazo, wanda ya cika mota da mutanensa don su raka 'yarsu, ya nemi a fito da takardun alƙalai. Aka fito da su, ya sa aka duba sunaye biyu, sai ga makin Raihanatu ɗaya bayan ɗaya zaune a gaban sunan Fadila. Taro ya watse ba addu'a.

Mayar wa Raihanatu matsayinta abu ne mai sauƙi, kwamiti ya yi shi a ranar. Abin da ba wanda ya iya mayarwa shi ne sunan Malam. Ya rantse bai canza makin kowa ba, aka ce to aljani ne ya canza. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga makarantarsa. Wasu da suka shekara suna binsa salla suka gano cewa masallacin bakin kasuwa ya fi musu kusa. Masu shayi suka samu abin hira. Ni na san Malam, zuciyata ba ta yarda ba, amma me zan ce a gaban takarda? Mutumin da yara ke rige-rigen ɗaukar masa buta ya koma ba ya fita sai in ya zama dole.

A tasha Yalwa ta ji labari, tana saukowa daga motar Maiyama. Ko gida ba ta biya ba. Na same ta a shago da kayan tafiya a jikinta, ta buɗe jadawalin, ta ƙura masa ido. Ba ta tsaya kan Fadila da Raihanatu ba, inda kowa ya tsaya. Ta gangara can ƙasa, layin ƙarshe, ta sa yatsa ta ce mini, "Malam Mamuda, diba nan. Ga maki, ina mai shi?" Na duba. Maki ne cikakku a jere, gurbin suna kuma fayau babu komai.

Ta aika a yi mata sallama da Malam Ɗahiru. Ya zo ya zauna a bakin benci, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ta gaishe shi har ƙasa, sannan ta ce, "Allah shi gafarta Malam, ranar da kab buga takardag ga, mi kat taɓa daga ƙarshe?"

Ya ce, "Ɗiyata, ban taɓa makin kowa ba. Allah na gani."

"Na yarda, Malam. Ba maki ni ka tambaya ba. Ko wani abu daban, komi ƙanƙantarshi."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Sai dai suna guda. Yarinyag ga ta Gumbin Kure da Allah yay yi ma rasuwa. Na ji an ce ubanta za shi zo rufe taro. Nic ce in ya ga sunanta manne ga bango, ko in kuskure in kira shi, mun tada mai ciwo sabo. Shi na nig goge shi. Sunan kaɗai, ban taɓa wani abu ba."

Ta tambaye shi ko na'urar ta yi masa wata tambaya lokacin. Ya ce ta fito da wani ɗan rubutu na Turanci, shi kuma ya danna inda ta koya masa dannawa in zai buga takarda. Ta sake tambayarsa ko bayan nan ya sa na'urar ta jera yaran daga mai yawan maki zuwa mai kaɗan. Ya ce shi bai ma san ana yin haka ba, da ido ya bi ya nemo babba. Yalwa ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi. Rashin sanin nan naka ya taimake mu, da komi ya cakuɗe."

Sannan ta yi masa bayani da abin da ya sani. Ta ce gogewa iri biyu ce a wurin na'urar. Akwai wadda take kamar wanke allo, rubutu ya tafi, allo yana nan a wurinsa. Akwai kuma wadda take kamar zare allon gaba ɗaya daga jeri, sai allunan da ke bayansa su matso su cike wurin. Malam ya yi niyyar wankewa, na'ura ta zare. Duk sunayen da ke ƙasa da na Bushira suka hau sama da taki ɗaya, maki kuwa suka tsaya inda suke, kowace yarinya ta zauna a gaban makin wadda ta gabace ta. Fadila ita ke bin Raihanatu, shi ke nan abin da ya faru.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana wanke alluna, ina zai san akwai allon da in ka goge shi maƙwabtansa ke tashi? Malam ya ce, "To ki hwaɗa musu."

Ta ce, "In na hwaɗi da baki, cewa za su yi maƙwabcina ni ka karewa. Gani ya kori ji. Su zo su gani da idonsu."

A nan ne na san Yalwa ba gyaran na'ura kaɗai ta iya ba. Ta rufe shago ranar kasuwar Jega, ranar da ta fi samun aiki, ta hau mota har Giwa Tazo, ta durƙusa a gaban Maigari ta roƙe shi ya zo. An ce da farko ya ƙi, ya ce shi ya gama da maganar ɓarawon maki. Ta ce masa, "Ranka shi daɗe, sunaye biyu kad diba. Zo ka diba sauran, in ka ga Malam ɓarawo na, ni da kaina za ni hwaɗi cikin kasuwa." Malam Ɗahiru ya roƙa kada a gaya wa mahaifin Bushira. Ba wanda ya gaya masa, amma magana ba ta kwana a ƙauye, da motar Maigari ta tsaya ƙofar shago sai ga Malam Ayuba ya fito daga baya.

Shagon ya cika har ƙofa. Yalwa ta ba shugaban alƙalai takardunsa ta ce ya riƙa karanta makin kowace yarinya tun daga ta farko, ita kuma tana nuna abin da ke allo. Na saman duk suka yi daidai. Da aka iso inda sunan Bushira ya kamata ya kasance, sai komai ya goce. 'Yar Aliero tana riƙe da makin 'yar Jega, 'yar Kuberi tana riƙe da na 'yar Aliero, haka har ƙasa, inda makin yarinyar ƙarshe ke zaune ba mai shi. Ta juya ta ce, "Ranka shi daɗe, wanda ka son ɗiyatai ta ci, mi za shi kai shi ga taɓa na ɗiyan mutane duka?" Maigari ya gyara zaman rawaninsa. Ta buɗe wani sabon jadawali, ta rubuta sunansa da na mutanen da ya zo da su, ta sa wa kowa sunan ƙauyensu a gaba, ta kama yatsan Maigari ta sa ya zare gurbi ɗaya da kansa. Yana gani sunansa ya yi tsalle ya zauna a gaban Gumbin Kure. Ya janye hannunsa da sauri ya ce, "A'uzu billahi. Ashe haka ta ka yi."

Ta koma kan jadawalin musabaƙa. Na ɗauka za ta gyara da kanta a wuce wurin, aikin ƙiftawar ido ne a hannunta. Sai ta tashi daga kujerar ta ce, "Allah shi gafarta Malam, hannunka yaz zare, hannunka za shi maida." Ta tsaya a bayansa tana gaya masa inda zai danna. Sabon gurbi ya buɗe, sunaye suka sauko gaba ɗaya, kowace yarinya ta koma gaban makinta, Raihanatu a kan nata, Fadila a kan nata. Saura gurbi ɗaya fari a tsakiya. Malam ya ɗago ya dubi Malam Ayuba, ya ce masa, "Ka yahe mani. Don kak ka gani niy yi."

Malam Ayuba mutum ne marar yawan magana, hannuwansa duk kaushin fartanya. Ya matso kusa da allon ya ce, "Malam, ni ranar nan ba don komi niz zo ba sai don in ji an kira sunanta cikin masu karatu. Nis saurara har anka watse ban ji ba. Rubuta shi." Malam ya rubuta, harafi bayan harafi, da yatsa ɗaya. Malam Ayuba bai iya karatun boko ba, sai Yalwa ta ɗora yatsansa a kan sunan, ta karanta masa da ƙarfi, ta karanta masa makin da 'yarsa ta samu. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta kuma zo ta ƙarshe ba. Ya ce a buga masa a takarda ya kai wa uwarta. Ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka, kuma ba ni kaɗai ba.

Maigari ya miƙe ya kama hannun Malam Ɗahiru da hannu biyu ya nemi gafara. Bai tsaya nan ba. Da aka kira la'asar ya ja mutanensa suka bi Malam masallacin unguwa, ya tsaya a sahun farko inda kowa zai gan shi.

Malama Yalwa, yanzu da ke nake. Ke ce kika duba ƙasan takarda lokacin da gari duka ya tsaya a kan sunaye biyu. Ke ce kika san laifin na'ura daban, laifin zuciya daban, kika ƙi barin a haɗa wa bawan Allah su biyun. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki nuna wa malamai da masu sarauta cewa kin fi su sanin wani abu ba, kin dai ba kowa kujera ya gani da idonsa. Daga ranar ba ki sake barin aiki ya kwana ba tare da kin ajiye kwafinsa ba, kuma duk wanda kika koya wa kwamfuta, darasinsa na farko shi ne bambancin wankewa da zarewa. Yalwa mai yalwar haƙuri, uwar masu cewa ba su taɓa komai ba, mun gode. Allah ya ba idanunki lafiya, ya sa abin da kika rufa wa mutane ya zama rufin asirinki ranar gobe.

Ku kuma matasan da kuka cika garuruwanmu da shagunan kwamfuta, na san kun fi ta saurin yatsu, wasunku ma kuna yi da waya a tafin hannu. Ku koyi tambaya kafin hukunci, ku koyi bin layi har ƙasa. Sunayen da kuke matsarwa sama da ƙasa na mutane ne masu iyaye da maƙwabta.

Malam Ɗahiru ya tsufa yanzu, sai an riƙe shi yake zuwa masallaci, amma har yau shi ke ba da salla in jiki ya yarda. Makarantarsa ta cika har an ƙara rumfa. Raihanatu ta yi aure a nan Jega, malama ce ita ma, kuma da 'yarta ta fari ta isa shiga makaranta, ga makarantu birjik a gari, hannunta ta kama ta kai ta wurin Malam da kanta.